Rassa Ukun da Na Kawar

Awa shida na yi zaune a kan jakata a filin jirgin Johannesburg, ina jiran mutumin da Allah bai halitta ba. Kocin da ya shirya mini tafiyar a Kano ya ce da na sauka zan ga wani riƙe da kwali an rubuta sunana, Sama'ila Baure, shi zai kai ni ƙungiyar 'yan gudun da ta ɗauke ni. Na karanta kwalaye a ranar nan har idona ya yi ja. Na ga sunan Sinawa, na ga na Larabawa, nawa dai babu. Lambar da ya ba ni kuwa wata mata ce ke ɗauka tana zazzaga mini wani yare, a karo na huɗu ta ja tsaki ta kashe. Na kira shi kocin, wayarsa a kashe. Har yau a kashe take, Allah ya isa tsakanina da shi. Sana guda ɗaya tal, wanda na raina tun yana maraƙi, shi aka sayar don wannan tafiya.

Ina tsaye ina sheƙa wa wayar zagi kamar tana ji, sai na ji an ce daga bayana, "Kai, wa kake zagi haka da Dauranci?"

Na waiga na ga wani kakkauran mutum da sarƙar kuros a wuya yana dariya. Obinna sunansa. A Daura aka haife shi, ubansa na da shagon kayan gyaran babur a can, shi kuma ya zo nan yana sayar da kayan waya. Kaya ya zo karɓa ya tsince ni. Da na ba shi labari bai yi mamaki ba ko kaɗan.

Ya ce, "Babu ƙungiya, ɗan'uwa. Kai ne na uku da na gani. Ɗauko jakarka."

Wata guda na yi a ɗakinsa. Bizata ta wata uku ce, kullum na buɗe fasfo in ƙirga kwanakin da suka rage, sai ka ce za su ƙaru. Obinna ya ce in haƙura in koma gida tun da sauran mutuncina. Na ce in koma in ce da mutanen Baure me? A can Ila Barewa ake ce mini. Tun ina kora shanu daga wannan kasuwa zuwa waccan nake gudu, a gasar makarantu kuma ba a taɓa ganin bayan wani a gabana ba. Ranar da zan taho har masu shayi sai da suka yi mini addu'a. In koma babu sa, babu ƙungiya, in ce na je na ga filin jirgi? Ina!

Da ya ga taurin kaina ya fi ƙarfinsa, sai ya shiga tambaya. Wani mai sayen kaya a wurinsa ya ce akwai wata mata a can cikin duwatsu, kusa da iyakar Lesoto, tana da masaukin baƙi a bakin wani gandun daji, tana kuma da 'yar ƙungiya ta masu gudun dutse. Obinna ya kira ta, ya yabe ni yabon da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba, ya saka ni a mota, ya cusa mini rigar sanyinsa ta taga.

Na ce, "Wai menene gudun dutse?"

Ya ce, "Gudu ne dai, amma a tsaye."

Na ɗauka wasa yake yi. Da motar ta sauke ni na ɗaga kai, hulata ta faɗi. Mu a Baure in an ce tudu, ana nufin inda jaki ke ɗan rage sauri. Nan kuwa dutse ne ya tashi ya tokare sama, kansa fari fat da ƙanƙara, alhali a gida damina ce, gero ya kai gwiwa. Sanyi ya shiga ƙashina tun kafin in gama gaisuwa.

Madam Rita ce mai masaukin, Baturiya busasshiya mai agogo biyu a hannu. Ba ta san gaisuwa ba. Ina cikin tambayar iyali ta katse ni ta faɗi sharaɗinta. Zan taya aikin kicin, ta ba ni abinci da makwanci. Nan da mako bakwai akwai tsere a cikin gandun, kilomita arba'in da ɗoriya. In na shigo cikin biyar na farko, ƙungiyarta za ta nema mini takardar zama. In ban shigo ba, kwana tara bayan tseren bizata ta ƙare, sai in san inda na nufa.

Na ce mata ta fara cike takardar. Bakina ke nan, shi ke ja mini.

Washegari ta haɗa ni da 'yan ƙungiyarta muka hau. Wallahi ba a taɓa cin mutuncina irin na ranar ba. A hawa numfashina ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, ƙirjina kamar an ɗora mini buhun masara. A gangare kuma abin ya fi muni. Ni na saba da rairayi, in miƙe ƙafa in zuba, nan kuwa kowane taku dutse ne mai motsi. Na faɗi sau biyar. Wata mata da ta haifi kamata ta wuce ni tana cin ayaba, har tana ce mini in yi ƙoƙari. Ni Barewa! Na zauna a kan wani dutse, gwiwa na jini, na ce da kaina, Ila, me ya kawo ka? Wa ya aike ka?

A nan Baba Lefa ya same ni. Dattijo ne ɗan Lesoto, ma'aikacin gandun, kullum da bargo a kafaɗa da adda a hannu. Shi ke gyara hanyoyin dajin, ya fi shekara ashirin yana yi. Turancinsa gutsi-gutsi, nawa ma haka, shi ya sa muka fi jin juna. Ya dubi takalmina na kanti mai santsin ƙasa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Kai mutumin fili ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, kuma ina alfahari."

Ya ce, "Dutse ba ruwansa da alfahari. Tashi."

Ya nuna mini yadda ake sauka. Taku gajeru, gwiwa a lanƙwashe, ido a kan inda za ka taka nan gaba, ba inda ƙafarka take ba. Tsohon nan ya gangara a gabana da takalmin roba kamar akuya. Bayan kwana biyu ya kawo mini takalmin gudun dutse, wani baƙo ne ya manta da shi tun bara. Ya yi mini yawa kaɗan, na cusa tsumma a gaba.

Daga nan kusan kullum da hantsi, in na fito faskare a bayan kicin, sai ya biyo ya zauna ya sha shayi. Tuwon masararsu ake ci a gidan nan safe da rana, babu kuka, babu daddawa, babu yaji, sai wani romo mai zaƙi. Nakan ba shi labarin furar Baure har yawuna ya tsinke, shi kuma ya ba ni labarin jikokinsa huɗu da yake riƙo a ƙauye. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda nake jera itacen, gindi duk gefe ɗaya, kai gefe ɗaya, manya a ƙasa.

Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Na ce mahaifina. Na ba shi labarin tsohon, mutumin da bai iya ganin abu a karkace ya wuce ba. Ina ɗan shekara bakwai muna tafiya gona na tsallake wani reshen ƙaya da ya faɗo kan hanya. Marin da na sha a ranar har yanzu kunnena na tunawa. Ya ce, kai ka gani ka tsallake, makahon da ke bayanka fa? Mai ciki fa? Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma ita ce sadakar da talaka ba shi da uzurin barinta. Tun daga ranar hannuna ke yi da kansa. Ko ɓawon mangwaro na gani sai na ture.

Baba Lefa ya ce, "Mahaifinka mutum ne."

Mako bakwai suka wuce kamar an kore su. Na rame, farcen ƙafata biyu suka fita, amma na fara wuce 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, har mai ayabar nan. Madam Rita ta daina kallona kamar kayan da aka kawo mata bisa kuskure.

Ranar tsere da sassafe aka tara mu, mun fi ɗari biyu, wani jami'in gandun ya hau kan benci da lasifika yana bayani. Turancin nan nasu ta hanci yake fita, ga sauri, ga iska na kwashe rabi. Abin da na kama shi ne a bi ƙyallaye ruwan lemo da aka ɗaura a jikin itatuwa, kada a zubar da shara, kada a kula birai. Ya yi wata magana mai tsawo yana gicciye hannuwansa, mutane suka gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. Madam Rita ta juyo ta ce, "Ka gane duka?" Na ce na gane. Kunya ce ta hana ni cewa a maimaita, a gaban mutum ɗari biyu a ce ɗan Najeriya bai ji Turanci ba. Wannan kunyar ita ta kashe ni.

Aka busa, muka zuba.

Kada in cika ku da labarin wahala. Mun hau har na daina jin yatsuna. Mun ratsa rafi mai ruwan ƙanƙara, mun bi wata 'yar siririyar hanya a gefen kwazazzabo inda ban yarda na kalli hagu ba. Hazo ya sauko ya rufe mu, ya ɗaga, ya sake saukowa. Amma ƙafata na cin ƙasa yadda nake so. A tashar shan ruwa ta uku, wajen kilomita talatin, mai rubuta lamba ya ɗaga mini yatsu uku. Ni ne na uku! Biyun farko sun yi nisa ba na ko hango su, na bayana kuma na ba su rata. Na ce a raina, Ila, takarda ta samu. Har na fara tsara yadda zan kira gida.

Can gaba kaɗan na iso wani wuri. Hanya mai faɗi ta miƙe ta gangara, lafiyayya, har da sawun mutane. A hagu akwai wani ɗan tsagi da ya haura cikin duwatsu, wanda ni a idona ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi. Na duba ban ga ƙyalle ba, amma ban damu ba, don an ce birai na cire su. A kan babbar hanyar kuwa ga rassa uku busassu sun gicciye, daga wannan gefe zuwa wancan.

Da ƙaya ce aka kafa aka danne da dutse, yadda muke toshe hanyar da ta ratsa gona da damina, da na gane. Waɗannan kuwa rassa ne kawai a kwance, kamar iska ce ta kayar. Na riga na ɗaga ƙafa zan tsallake, sai na ji muryar mahaifina a kunnena. Mutum ɗari biyu na tafe a guje, a gajiye, cikin hazo, a gangare. Wani zai yi tuntuɓe ya fasa baki. Na tsaya. A tsakiyar tsere, takardar zamana na gudu tana barina, na tsaya na ja rassan nan ɗaya bayan ɗaya na ajiye su a gefe. Har wani daɗi na ji a raina, na ce Allah ka ga dai na bar daƙiƙa ashirin dominka. Sannan na zuba a gangaren.

Na yi kamar kilomita biyu ina tashi sama. Ba ƙyalle ko ɗaya. Zuciyata ta fara gaya mini wani abu, na ce ta yi mini shiru. Ina shan wata kwana sai hanyar ta ƙare. Ba wai ta ƙanƙance ba, babu ita ne gaba ɗaya. Ruwan bara ya zabtare gefen dutsen ya tafi da shi, sai rami da tsakuwa mai zubowa. Koyarwar Baba Lefa ce ta cece ni, idona na gaba, na dafe wani dutse na tsaya da ƙyar, ƙafa ɗaya a bakin ramin.

Innalillahi. Kafin in gama juyawa na ji takun mutane. Na ɗaga hannu ina ihu, da Hausa ma nake ihun don Turancin ya gudu. Na farko ya tsaya, na biyu ya tsaya. Na ukun wani dogon saurayi ne, ya shawo kwanar da dukkan ƙarfinsa, tsakuwa ta kwashe shi. Ya gangara kamar tsawon ɗaki biyu ya bugu da dutse. Ƙarar da ƙafarsa ta yi, ba na son tunawa.

Mu goma sha ɗaya muka taru a wurin kafin wani ya koma a guje ya tare sauran. Mu muka ciro shi, muka ɗauko shi a kan hannu muna karɓa-karɓa har inda motar gandun ke iya zuwa. Yana kuka yana cewa ƙafarsa, ƙafarsa. Da muka iso mararrabar nan wani daga cikinmu ya tsaya yana zagi, yana cewa ina alamar rufe hanya? Ai an faɗa da safe, gandun bai yarda da fenti ko allo ba, duk hanyar da aka rufe rassa ake gicciyawa, in ka ga rassa kada ka tsallake. Wane ɗan iska ne bai saka ba?

Sai a lokacin na gane abin da jami'in nan ke nufi da gicciye hannu. Ga rassan nan a gefe, taku uku daga ƙafata, ba wanda ya kalle su. Na sunkuyar da kai na gyara riƙon da na yi wa mai karaya.

Washegari Madam Rita ta kira ni ofis. Na shiga ina jiran a ce in tattara kayana. Sai na ga takardu a gabanta.

Ta ce, "Ba laifinka ba ne an bar hanya a buɗe. Na ga lokacinka a tasha ta uku. Kai ne na uku, kuma ka ɗauko wanda ya ji rauni. Ya ishe ni. Ranar Litinin za mu kai takardunka."

Kun ji fa. Abin da na bar gida dominsa, abin da sana ya tafi dominsa, ga shi a kan tebur, saura in sa hannu. Na yi godiya har da rusunawa. Ina bakin ƙofa na tambaye ta, kamar ba komai, wai wa aka ce ya bar hanyar a buɗe.

Ta ce, "Lefa. Shi aka ba wannan ɓangaren. Ya rantse ya rufe, amma mutum goma sha ɗaya sun ce ba su ga komai ba. Tsufa ne. Gandun zai sallame shi ƙarshen mako."

Kwana biyu ina yawo da wannan abu a cikina. Na yi wa kaina wa'azi iri-iri. Na ce ai da niyya mai kyau na yi. Na ce laifin mai lasifika ne da ke magana ta hanci. Na ce laifin birai ne da suka cire ƙyalle. Na ce wace irin ƙasa ce wannan da za a rufe hanyar mutuwa da ƙirare uku, ko almajirin makanike ya san a sa jan tsumma! Na ji haushin Madam, na ji haushin kocin Kano, na ji haushin mahaifina da marinsa. Na kira Obinna na gaya masa, ya ce, "Wa ya gan ka?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To ni ban ji komai ba. Amma kai ka ji." Na kashe wayar ina jin haushinsa shi ma.

A rana ta uku da hantsi ina faskare, Baba Lefa ya zo. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba. Ya ce in raka shi sama, yana son ya ga wurin da idonsa kafin ya miƙa addarsa. Ba yadda zan ce a'a. Muka hau, yana gaba ina baya. Ranar ce kawai na ga yana tsayawa hutu.

Da muka isa mararrabar ya tsaya ya dubi hanyar, sannan ya taka zuwa gefe. Ga su nan yadda na bar su. Sai a lokacin na ga abin da hannuna ya yi ba da sanina ba. Rassa uku a jere, gindi duk gefe ɗaya, kai gefe ɗaya, babban a ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Iska ba ta jera itace."

Na dubi takalmin da ya ba ni.

Ya ce, "Biri ma ba ya yi. Wanda ya yi don mugunta kuma, wurgi zai yi da su cikin rami." Ya gyara bargonsa, bai kalle ni ba. "Wanda ya yi wannan, an yi masa tarbiyya a gidansu."

Ya sunkuya ya ɗauki rassan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su kan hanya, ya juya ya fara sauka. Wallahi da ya zage ni, da ya ɗaga addar nan, da na samu abin riƙewa in yi musu. Na tsaya a wurin ina kuka kamar yaro, ina jin haushin kukan.

Na riga shi isa ƙasa. Ban tsaya wanke fuska ba na shiga ofishin Madam Rita, na tarar da ita da jami'in gandun, mai lasifikar nan. Na ce, "Baba Lefa ya rufe hanya. Ni na buɗe."

Suka kalle ni. Madam ta ce in maimaita, na maimaita. Jami'in ya ce, don in ɓatar da na bayana na yi? Na ce in don haka ne, zan bi hanyar da kaina? Ya ce to don me?

Na ce, "Don kada wani ya yi tuntuɓe."

Madam ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Don kada wani ya yi tuntuɓe. Yaron nan an sa masa ƙarfe a ƙafa jiya."

Na yi ƙoƙarin in yi musu bayanin mahaifina, da makaho, da mai ciki, da sadakar talaka. A Turancina abin ya fito kamar tatsuniya. Jami'in ya ce dokarsu a fili take, duk wanda ya taɓa alamar hanya an hana shi tsere a gandun, kuma za a sanar da sauran masu shirya tsere. Madam ta ce ta yarda ba mugunta ba ce, amma ba ƙungiyar da za ta nemi takarda ga ɗan gudun da aka hana gudu. Ta ce, "Na tambaye ka ko ka gane. Ka ce ka gane." Ta ja takardun nan daga gabana ta saka a aljihun tebur, na ji ƙarar rufewarsa.

Na je asibiti na gaya wa mai karayar da bakina. Ya juya fuska bango, kuma ban ga laifinsa ba. Baba Lefa ya ci gaba da aikinsa. Ranar da zan tafi na kai masa takalmin, ya ƙi karɓa. Ya ce in tafi da shi, ko a fili ana taka ƙasa. Ya raka ni har bakin titi, ya ce in gai da mahaifina. Obinna ya kai ni filin jirgin da ya tsince ni, saura kwana biyu bizata ta ƙare. Bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa.

Na dawo Baure ana girbin gero. Masu shayi suka yi ta tambaya, Barewa ina kofi, Barewa ina daloli, wasu suka ce sanyi ne ya koro ni. Na bar su a kan sanyin, ya fi sauƙin bayani. Mahaifina bai tambaye ni komai ba, ko zancen san bai tayar ba, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Kwana huɗu da dawowata muka kama hanyar gona da safe, yana gaba da lauje, ina biye da takalmin Baba Lefa a ƙafata. Wajen kwanar tsamiya sai ga wani reshen gawo a gicciye a kan hanya. Na ja na tsaya cak. Hannuna ya miƙa da kansa, na mayar da shi.

Tsohon ya waigo ya ce, "Kallon me kake yi? Ɗauke mana."

Na ce, "Baba, wa ya ajiye shi?"

Ya ce, "Wa zai ajiye? Iskar jiya ce." Ya dube ni sama da ƙasa. "Abin da ka je ka koyo ke nan a ƙasar waje, tambayar reshe wa ya ajiye shi?"

Ya ja tsaki ya sunkuya da bayansa mai ciwo ya kama gindin reshen. Ni kuma na tsallaka, na taka har bayan kwanar, na leƙa hanyar iya ganin idona. Lafiya lau take har gona. Sannan na dawo na kama ɗaya gefen, muka ja tare.